Sallama Ba Takarda: Lissafin Notis ɗin Wani Mai Kula da Sito a Kasuwar Singa

A kasuwannin Kano, daga Singa zuwa Kwari har Dawanau, da wuya ka sami yaron shago da aka ɗauka aiki da takarda. Kawunsa ne zai kawo shi, Alhaji ya dube shi ya ce gobe ya fara zuwa, a shafa fatiha, shi ke nan. Lamarin da ke ƙasa na harhaɗa shi ne daga irin waɗanda ake yawan kai wa shugabannin kasuwa. Ba na wani mutum takamaimai ba ne, ranaku da kuɗaɗen da ke ciki kuma an sa su ne don lissafin ya fito fili. Dokar da aka yi aiki da ita kuwa ita ce take ci a Najeriya.

Abin da ya faru

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a sari, taliya da sukari da man girki, yana da shago a Singa da sito biyu a bayan kasuwa. Wani saurayi ɗan garinsu ne ke riƙe da makullan siton. Shi ke ƙirga kaya idan tirela ta sauke, shi ke rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, shi ke tsayawa kan 'yan dako. Kowa Manaja yake ce masa. Albashinsa naira 60,000 a wata, ana ba shi naira 500 kullum kuɗin abinci, in kuma mota ta iso da dare ya kwana saukewa, Alhaji yakan ɗan ƙara masa wani abu.

Ranar Litinin 15 ga Afrilu 2024, kwana biyar bayan Ƙaramar Salla, Alhaji ya kira shi ofis. Ya ce kasuwa ta ja baya, zai rufe sito ɗaya, ɗayan kuma ɗansa zai riƙe. “Ka ba da makullai, ka je ka huta. Allah Ya haɗa kowa da rabonsa.” Ya ce za a turo masa kuɗin kwanakin da ya yi a watan. Saurayin ya ce, “Ranka ya daɗe, haka kawai, ba notis?” Alhaji ya amsa da tambaya: “Da na ɗauke ka, takarda muka rubuta?”

Tambayar Alhaji ita ce tambayar da kusan kowane mai gida yake yi, kuma bai yi ta don mugunta ba. Da gaske yake ganin inda ba a rubuta komai ba, ba wanda ke bin wani komai.

Akwai yarjejeniya ko babu?

Akwai. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974, yanzu kuma take cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta faɗa a sashe na 91 cewa yarjejeniyar aiki tana iya zama a rubuce, tana iya zama da baki, tana ma iya zama wadda ake ganewa daga yadda mutane biyu suke mu'amala. Mutum yana zuwa aiki kullum, ana ba shi umarni, ana biyansa ƙarshen wata: an ƙulla.

Rashin takardar ma a kan Alhaji nauyinsa yake. Sashe na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci bayani a rubuce kafin wata uku su wuce da fara aikinsa, wanda zai ƙunshi sunayen ɓangarorin biyu, da irin aikin, da albashi, da lokutan aiki, da hutu, da tsawon notis ɗin da za a bayar idan za a rabu. Wanda bai bayar ba ya saɓa doka, ko da yake tarar da aka yanka, naira 800 a karon farko, yanzu ba ta tsorata kowa. Amfanin sashen a yau shi ne hujja: wanda doka ta ce ya rubuta bai rubuta ba, ba shi zai juyo ya fake da rashin rubutun ba.

Inda ba a yi maganar notis ba, sashe na 11 ne ke cike gurbin. Wanda yarjejeniyarsa ba ta wuce wata uku ba, kwana ɗaya. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. Wannan ma'auni yana hawa kan kowane ɓangare. Yaron da ya sami wani aiki ya ɓace ranar Asabar ba sallama, kamar yadda masu gida ke yawan kuka, shi ma ya ci haƙƙin mai gidansa daidai gwargwadon shekarunsa.

Kafin a ɗora saurayin nan kan ma'aunin, sai an tabbatar dokar ta shafe shi, domin ba kowane mai aiki take kira ma'aikaci ba. Tana magana ne kan masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu. Ta cire masu riƙe da ragamar gudanarwa da ƙwararru, ta cire iyalan mai gida, ta cire wanda aka ɗauka don abin da ba sana'ar mai gida ba. Wani ɗan'uwan Alhaji mai ɗan sanin boko ya kama nan ya ce ai wannan manaja ne, kuma ɗan gida ne. Duka biyun ba su tsaya ba. Abin dubawa shi ne aikin da mutum yake yi: saurayin ba ya ɗaukar kowa aiki, ba ya korar kowa, ba ya yanke farashi, ba ya taɓa asusun banki. Ƙirga kwali da rubuta shi a littafi aikin akawu ne. Zama ɗan gari ɗaya kuma bai mai da shi iyalin Alhaji ba. Da ma ɗan'uwan ya yi nasara da bai taimaki Alhaji ba, don wanda ya fita daga ma'aunin sashe na 11 ba fita ya yi daga haƙƙin notis ba. Kotu ce za ta auna abin da ya dace da matsayinsa da daɗewarsa da yadda ake biyansa, kuma babban ma'aikacin da ake biya wata-wata da wuya a yanka masa ƙasa da wata guda.

Yaushe ya fara?

A nan ne aka daɗe, kuma a nan ake daɗewa a yawancin irin wannan rigima. Ma'aunin doka a bayyane yake. Ranar da za a fara ƙirge daga gare ta ce ba wanda ya rubuta.

Da aka nuna wa Alhaji sashe na 11, ya sauko ya ce to, mako biyu ne. Lissafinsa ya faro daga Janairun 2020, lokacin da ya fara tura albashi ta banki, ga saƙonnin shigar kuɗi kuma suna nan. Daga nan zuwa Afrilun 2024 shekara huɗu da wata uku da 'yan kwanaki. Watannin da suka gabaci haka, in ji shi, koyon aiki ne, ɗan abin da yake ba shi duk mako a hannu kuma alheri ne.

Saurayin ya ce ya fara ne ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan zaɓen gwamnan Kano da aka sake a wasu rumfunan zaɓe, wanda jama'a ke kira inkonkulusif. An yi wannan zaɓe ranar Asabar 23 ga Maris 2019, don haka Litinin ɗin ta kama 25 ga Maris. Mutanenmu ba su cika riƙe kwanan wata ba, amma suna riƙe abin da ya faru a gari, kuma irin wannan tuni yana da ƙarfi saboda ana iya gwada shi da kalanda. Kawun da ya kawo shi ma haka ya tuna, don sai da suka jira gari ya lafa kafin su taho. In haka ne, ranar da aka karɓi makullai yana da shekara biyar da mako uku.

Mako uku kacal ke nan tsakaninsa da matakin ƙasa. Alhaji ya yanke shawarar rufe siton tun a watan Fabrairu, amma ya ƙi faɗa don kada a ce ya sallami yaro ana shirin azumi. Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, saurayin kuma ya cika shekara biyar a tsakiyarsa. Da an ba shi notis a farkon Maris, mako biyu doka za ta ba shi ko da lissafinsa aka bi. Tausayin Alhaji ne ya ninka masa kuɗin, kuma ni ban ga abin baƙin ciki a nan ba.

Maganar koyon aiki ba ta da ƙafa. Dokar Ƙwadago ta san yarjejeniyar koyon sana'a, amma ta ce sai an rubuta ta kuma jami'in ƙwadago ya tabbatar da ita. Ba a yi haka ba. Ko da an kira watannin farko gwaji, sashe na 11 tsawon da yarjejeniya ta yi yake ƙirgawa, bai ce a cire lokacin gwaji ba. Sauya hanyar biya daga hannu zuwa banki, ko daga mako zuwa wata, bai buɗe sabuwar yarjejeniya ba.

Saura hujja. Wanda ya yi da'awa shi ke kawo ta, kuma shaidar kawu shaidar ɗan'uwa ce, za a ce dole ya goyi bayan nasa. Abin da ya raba gardama yana cikin siton kansa. Littafin shigar kaya na 2019 yana nan a ƙasan kanta, rubutun hannun da ke ciki daga ƙarshen Maris na saurayin ne. Takardun da direbobin tirela ke kawowa a sa musu hannu an karɓi kaya, sa hannunsa ne a kai tun Afrilun shekarar. Mai koyon aiki ba ya sa hannun karɓar tirelar sukari. Da Alhaji ya ƙi fito da littafin a gaban kotu, sashe na 167 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba alƙali damar ɗauka cewa hujjar da mutum yake da ita ya ɓoye, da an fito da ita ba za ta yi masa daɗi ba. Sashe na 75 na Dokar Ƙwadago ma mai gida ya ɗora wa ajiye bayanan albashi.

Sai aka ɓullo ta wata kafar. Lokacin kullen korona da aka fara a Kano cikin Afrilun 2020, saurayin ya tafi garinsu ya yi kusan wata biyu, ba a biya shi cikakken albashi ba. Ɗan'uwan Alhaji ya ce aikin farko ya ƙare a nan, dawowarsa sabon ɗauka ne. Wannan hujja ta fi ta farko nauyi, don da gaske aiki yana iya yankewa a sake ƙulla wani. Sai dai yarjejeniya ba ta mutuwa don an daina zuwa aiki na ɗan lokaci da sanin juna. Sai wani ya warware ta. Ba wanda ya sallami kowa a 2020. Makulli ɗaya yana hannun saurayin duk tsawon lokacin, Alhaji ya tura masa kuɗin cefane cikin azumin shekarar, da aka sassauta kulle kuma waya kawai aka yi masa ya dawo kan aikinsa da albashinsa. A ganina yarjejeniya ɗaya ce tun 2019. Da ya ajiye makulli ya tafi Legas ya yi wata shida yana wani aiki sannan ya dawo neman a sake ɗaukarsa, da amsar ta sauya.

Wata ɗaya ke nan.

Ƙirge da kuɗi

Dokar ta ce ranar da aka ba da notis ba ta cikin lissafi. Da Alhaji ya ba da shi ranar 15 ga Afrilu, ƙirge zai fara ranar 16, wata guda ya cika ranar 15 ga Mayu. Watan da ake nufi na kalandar boko ne, ba a bin ganin wata. Ta kuma ce duk notis ɗin da ya kai mako ɗaya dole ya zama a rubuce. Saboda haka ko da Alhaji ya ce da baki “nan da wata ɗaya za ka tafi”, bai cika sharaɗi ba. Takarda mai layi uku da kwanan wata, ma'aikaci ya sa hannu ya karɓa, ta wadatar.

Tunda an karɓi makullai nan take, abin da ya rage shi ne biyan kuɗi a madadin notis, wanda sashe na 11 ya yarda da shi. A nan saurayin ne ya sha mamaki. Ya zo da lissafinsa har da kuɗin abinci, naira 13,000 na kwana 26, da abin da yakan samu na saukalen dare. Dokar ta ce wajen lissafin kuɗin madadin notis, tsabar albashi kawai ake dubawa, ban da kuɗin ƙarin lokaci da alawus. Naira 60,000 ne nasa. Da an bar shi ya yi aikin watan, da ya ci kuɗin abincinsa kullum, wannan kuma shi ne bambancin hanyoyin biyu a aljihun ma'aikaci.

Albashin kwana 15 da ya riga ya yi a Afrilu, naira 30,000, daban yake, guminsa ne, ba ya shiga cikin kuɗin notis. Masu gida da yawa sukan cika wa yaro albashin watan da aka sallame shi su ce sun biya notis. A wannan lamari hakan zai ba shi 60,000 maimakon 90,000. Bisa lissafin Alhaji na mako biyu, a kan naira 2,000 kowace rana, zai tashi da 58,000. Duk gardamar kwanan wata a kan naira 32,000 aka yi ta.

Akwai kuma lokacin biya. A shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell a 1993, Kotun Ƙoli ta ce wanda ya zaɓi ya biya kuɗi a madadin notis, lokacin sallamar zai biya, alkawarin za a biya daga baya bai isa ba. “Za a turo maka” da Alhaji ya ce, ba biya ba ne. Malaman da ke zama a irin wannan sulhu sukan kawo hadisin da ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma a nan kalmarsu da ta kotu ɗaya ce.

Da Alhaji ya ga lissafi ya doshi 90,000, sai ya tuno da kwali takwas na taliya da suka yi ɓatan dabo bara, ya ce a cire, in ma aka bi ta tsanani laifin ya isa kora ba notis. Gaskiya ne dokar ta bar wa mai gida ikon korar ma'aikaci nan take kan babban laifi kamar sata. Amma ranar da ya karɓi makullai dalilin da ya faɗa ja bayan kasuwa ne, kuma ya ci gaba da aiki da yaron shekara guda bayan ɓatan taliyar bai tuhume shi ba, bai nemi ya kare kansa ba. Da wuya alƙali ya karɓi laifin da aka tono bayan an fara maganar kuɗi. Cirewa daga albashi ma ba a hannun mai gida kaɗai take ba: sashe na 5 ya hana cin tarar ma'aikaci, asarar da ya jawo da gangan ko da sakaci kuma sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce za a cire ta.

Dalilin da Alhaji ya bayar ya ma buɗe wata ƙofa. Sallama saboda ma'aikata sun fi aiki yawa tana ƙarƙashin sashe na 20, wanda ya ce a fara rage wanda ya zo daga baya, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, mai gida kuma ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita kan kuɗin rage ma'aikata. Sashen bai yanka adadi ba. Sashe na 18 kuma ya ba duk wanda ya yi wata 12 a jere hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa, abin da saurayin bai taɓa sanin yana da shi ba. Waɗannan biyun sun ƙara masa ƙarfi a wajen ciniki.

Sai al'adar kasuwa ta sallamar yaro da jari bayan ya daɗe yana hidima. Saurayin ya sa rai da ita, kuma ita ce ainihin abin da ya ƙona masa rai, fiye da notis. Dokar Ƙwadago ba ta tilasta ta ba. In an yi alkawarinta a gaban shaidu, magana ce ta daban da za a iya bi. A nan ba a yi ba, an dai bar shi yana zato.

Inda aka kai maganar

Tun gyaran tsarin mulki na uku na 2010, sashe na 254C ya keɓe shari'ar aiki da ƙwadago ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kano da kuma sashen sulhu. Kai irin wannan ƙara ofishin 'yan sanda ɓata lokaci ne, ba laifi ba ne da za su kama wani a kai. A al'adar shari'ar aiki tsakanin mai gida da yaronsa, kotu ba ta tilasta a mai da mutum bakin aiki, abin da take ba shi shi ne kuɗin notis da sauran haƙƙoƙinsa, ko da yake a 'yan shekarun nan kotun ma'aikata tana ƙara duba ko dalilin sallamar mai inganci ne. Duk da haka, wanda zai ɗauki lauya saboda naira 90,000 zai iya kashe fiye da abin da yake bi. Hanyoyin da ba su da tsada su ne ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihar, inda jami'i zai iya kiran ɓangarorin biyu, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, da shugabannin kasuwa.

Wajen shugaban layinsu aka zauna, da kawun, da littafin sito na 2019 a kan tebur. Dattijon ya buɗe shafin ƙarshen Maris ya tura wa Alhaji. “Alhaji, wannan rubutun waye?” Alhaji ya duba ya ce na yaron ne. Aka bar maganar taliya, saurayin ya bar maganar kuɗin abinci da hutun shekarun baya. Alhaji ya tura naira 90,000 a wurin, ya ƙara 12,000 na hutun shekarar ƙarshe, aka rubuta a takarda cewa ya yi aiki daga 25 ga Maris 2019 zuwa 15 ga Afrilu 2024 a matsayin mai kula da sito, an sallame shi saboda rage ma'aikata, kuma ba wanda ke bin wani. Su biyun da shaidu biyu suka sa hannu, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa.